Ɓauna a Kan Kwalta

Ɓauna muke ce mata, kuma duk wanda ya gan ta ba ya tambayar dalili. Mota ce mai tsayi, mai faɗin ƙirji, da ƙarfen kariya a goshi kamar ƙaho. Tayoyinta masu manyan haƙora ne, kuma in wuri ya yi wuri duka huɗun suke ja. Da ita na yi aikin ƙarfina, ina kai masu haƙa rijiyar burtsatse inda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa ƙafa. Da kamfani ya tashi sallamar tsofaffin motocinsa da tsofaffin direbobinsa, tare muka fito ni da ita. Ban yi boko mai nisa ba, amma hanya, ko ta yashi ko ta laka, ba a karanta mini ita.

Maigidana da ya koya mini tuƙi, Allah ya ji ƙansa, kafin ya bar ni na taɓa sitiyari sai da ya ɗora mini doka ɗaya. Ya ce a daji ba a wuce wanda ya maƙale. Ko maƙiyinka ne ka tsaya, ka buɗe murfin injinsa, ka kwanta ƙarƙashin motarsa, kada ka ɗaga daga wurin sai ka ji ta tashi. Can babu gareji, babu mai wucewa; in ka bar mutum, wataƙila ka bar shi ke nan har abada. A kan dokar nan na tsufa, ban taɓa karya ta ba.

Cikin ƴaƴana, Auta ce kaɗai ta ɗauko jinin mota. Da ta gama karatu ta sami aiki a masana'antar sabulu, can bayan gari, tafiya mai nisa a kan babbar hanya. Motocin haya ba sa kai ta a kan kari, ni kuwa gwiwa ta fara yi mini gardama da kuloci. Sai na kira ta na miƙa mata makullin Ɓauna.

Na ce, “Ga mota. Amma ba ita kaɗai na ba ki ba, da dokarta take tafe.”

Ta ce, “Na sani, Baba. Tun ina ƙarama kake maimaita mana ita, har a kan abinci.”

“To ki riƙe.”

“Na riƙe.”

Gaskiya ɗaya ce, Ɓauna ba ƴar kwalta ba ce. Da ta hau titi mai santsi sai tayoyin nan su kama kuka kamar injin niƙa, har ba ka jin maganar na kusa da kai. Sitiyarinta sai da hannu biyu da kafaɗa. Kujerarta ba ta san lallashi ba. Mai kuwa tana shan sa kamar raƙumin da ya sami tafki. Gudu ba nata ba ne, don haka layin manyan motoci take bi, ƙananan suna wuce ta fiu, fiu, kamar ƙudaje. Auta mace ce ƴar siririya, sai ta tattare zanenta ta kama ƙarfe kafin ta hau. In ta isa wurin aiki ta ajiye ta tsakanin motocin mutane, sai ka ga kamar an ɗaure bijimi a cikin garken awaki.

Abokan aikinta ba su raga mata ba. Wannan ya ce, “Kwamanda, yau ina aka nufa da yaƙin?” Wancan ya ce, “Ki ba mu aro mu rushe tsohon gini.” Ita kuwa ba ta rasa amsa. Takan ce, “Ku bari damina ta zo, mu ga wanda zai kira wani Kwamanda da ladabi.” Haka kuwa aka yi. Da ruwa ya taru a ƙarƙashin gada, masu bakin nan su ne suka tsaya a gefe suna ɗaga mata hannu, wandunansu a naɗe.

Ba a daɗe ba aka ba ta riƙon ƙwarya na shugabancin ɗakin haɗi, inda ake haɗa kayan sabulu kafin a tura wa injuna. Makullin ɗakin a hannunta yake kwana. In ba ta buɗe ta duba haɗin ba, inji ba ya tashi, ma'aikata sai su zauna suna kallon juna. Masana'antar kuma tana da tsari: da safe ana busa jiniya, jiniya na yin shiru maigadi zai rufe ƙofa, wanda ke waje ya makara.

To, nan gizo ke saƙa. A daji sai ka yi wata ba ka ga motar da ta mutu ba. A babbar hanya kuwa kusan kullum akwai wanda ya buɗe murfin inji yana sosa ƙeya. Kowa wucewa yake, sai Auta. Ita za ta tsaya, ta ciro akwatin sifana, ta naɗe hannun riga, ta duba batir, ta ɗaure waya, ta ba da ruwa, ba ta tashi sai motar ta tashi, kamar yadda aka koya mata. Masu bin hanyar har sun gane ta. Daga nesa suke hango ƙahon Ɓauna su fito tsakiyar titi.

Ni ban san abin ya kai inda ya kai ba, sai wata ranar hutu da rana, muna zaune a tsakar gida a inuwa. Babban ɗana ya zo gaishe mu, wanda muke ce wa Akawu saboda aikin ofis yake yi, da ƴar motarsa mai kama da gidan sabulu. Uwarsu tana tsince shinkafa a faranti. Auta na zaune kusa da ita.

Uwar ta ce, “Faɗa masa mana. Ko ni in faɗa?”

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, Manaja ya kira ni. Ya ce na makara ya isa. In aka ƙara rufe ƙofa ina waje, in miƙa makullin ɗakin haɗi, a ba wani.”

Akawu kamar jira yake. Ya ce, “Ai na faɗa tun farko. Wannan ba mota ba ce, tarihi ne. A sayar da ita a saya mata ƙarama mai gudu, wadda ba wanda zai gan ta ya ce ta ja shi.”

Na ce, “Kai, da tsohuwar zuma ake magani.”

Ya ce, “Baba, zuma ba ta shan mai haka.”

Uwarsu ta yi dariya har shinkafa ta zube, sannan ta juyo kaina. “Ba laifin mota ba ne, laifinka ne, Malam. Ka ɗauko dokar daji ka rataya wa yarinya a wuya a tsakiyar gari. Kai da kake tsayawa wa mutane, akwai mai busa maka jiniya?”

Na juya ga Auta na ce, “Ki riƙa sammako.”

“Ina yi, Baba. Ina idar da sallah nake fita. Amma gyara ba shi da agogo. Wata ta tashi nan take, wata sai rana ta take.”

“To, ki bar tsayawa mana,” in ji Akawu. “Wa zai kama ki?”

Ta ɗago ta dube shi. “Yaya, in ka ga mutum da iyalinsa a gefen titi, kana cikin motar da za ta iya jan gida, ka wuce ka gani in abinci zai shiga cikinka.”

Ni dai gaba kura baya sayaki. In na ce ta bar dokar, na tone kabarin maigidana. In na ce ta riƙe, na ƙwace wa ƴata abin da ta samu da guminta. Daga ƙarshe na ce, “Zuwa da kai ya fi aike. Gobe tare za mu tafi.”

Washegari muka fita da sassafe. Lokacin zafi ne, rana tun tana jaririya take cizo. Na zauna a kujerar fasinja, wurin da ban taɓa zama ba a cikin motar nan, ina kallon hannun ƴata. Ba ta fizgar giya, ba ta hawa kuloci. In babbar mota ta matso, sai ta ba ta wuri ba tare da ta firgita ba. Ban yaba ba, don yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, amma na gyara zama.

Mun ci fiye da rabin hanya lafiya lau, babu kowa a gefe. Har na fara cewa a raina yau Allah ya rufa asiri. Muna wuce gidan mai na ƙarshe, kafin hawan gada, sai ga shi. Wata ƴar ƙaramar mota fara, murfin inji a buɗe, tururi na tashi. Wani mutum siriri yana tsaye yana kaɗa hula, motoci na wuce shi kamar ba su ga mutum ba. Yana hango Ɓauna ya ɗaga hannu biyu sama.

Na ji ƙafar Auta ta sassauta a kan totur. Ta dubi agogon hannunta. Lokacin da ya rage zai kai mu ƙofa, amma ba zai ɗauki gyara ba, ko na ɗaure waya ɗaya.

Na ce, “Sauke ni. Ni zan tsaya da shi, ke ki wuce. Doka ta cika, aiki ya tsira.”

Ta ce, “Ka tsaya ka yi masa me, Baba, da carbi? Mota na nan, kayan aiki na nan.”

Ta faka a gabansa, ta diro. Mutumin ya rugo wurinmu. “Hajiya, don Allah! Baba, ku taimaka! Ƴan tsaki ne, jiya aka ƙyanƙyashe su. In rana ta ƙara ɗagawa sun gama, ni ma na gama.”

Na leƙa. Kwalaye ne masu huji jere har rufin mota, ciki kuwa kuka ne ƙasa-ƙasa, ciu, ciu, irin na abin da ya fara galabaita. Hannuna da kansa ya tafi ga akwatin sifana. Shekaru sun koya masa hanya.

Auta ta ce, “Baba, bar akwatin. Ciro igiya.”

“Ba za ki duba injin ba?”

“Ba zan duba ba.”

Na tsaya na dube ta da idon da nake duban ƴaƴana da shi tun suna yara. Ba ta kau da kai ba.

Ta ce, “Maigidanka don me ya ce a gyara? Don a daji babu inda za a kai mutum. Nan akwai gareji a kwanar ma'aikatarmu. Cewa ya yi kada a bar shi, to ba zan bar shi ba. Tafiya zan yi da shi.”

Tun ina saurayi nake ɗauke da maganar nan, ban taɓa juya ta na ga bayanta ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na ciro igiyar, tsohuwar igiyarmu ta daji mai kaurin damtse. Kafin na miƙe ta riga ta durƙusa a gaban ƴar motar, ta nemo ƙarfen ja, ta yi ƙullin da ba ya kwancewa sai an so. Na ɗaura ɗaya bakin a gindin Ɓauna.

Ta tambayi mai kajin, “Malam, an taɓa jan ka?”

“Wallahi ban taɓa ba, Hajiya.”

Na ce, “To matsa. Koma baya ka sauke gilasai duka, ka riƙe kwalayenka. Wannan ba aikin koyo ba ne yau.”

Wanda bai sani ba yana zaton wanda ake ja hutawa yake. Ina! In inji ya mutu, birki yakan zama dutse, sitiyari ya yi tauri. Igiya kuma ba a barin ta ta yi sako-sako. In ta kwanta a ƙasa sannan aka fizga, ko ta tsinke ko ta cire wa mota haƙora. Na dunƙule kaina na shiga ƴar motar nan, gwiwoyina har haɓa, na saki giya, na ɗaga wa Auta hannu.

Ta ja a hankali har igiya ta miƙe, sannan muka ɗaga kamar ana zare gashi daga man shanu. Iska ta fara shigowa, kukan ƴan tsakin ya ƙara ƙarfi. Mai kaji ya ce, “Alhamdu lillahi, sun farfaɗo! Ji bakinsu!”

Sai ga hawan gada. Nan ne na ga ranar Ɓauna. Duk abin da ake zaginta da shi a kwalta, nauyi da rashin gudu da ƙugi, shi ne ya yi mana rana. Gudun da take yi ita kaɗai, shi take yi da mu a bayanta. Auta ta sauke giya ɗaya, motar ta yi gurnani, ta haye kamar ba ta san an ɗaura mata komai ba. Da muka kama gangara sai na ga hannu siriri ya fito ta taga, tafin yana kallon ƙasa, yana lilo a hankali. Alamar masu daji ce: zan rage, taka naka birkin kafin nawa. Ban tuna ranar da na koya mata ba. Na taka, igiya ta tsaya a miƙe kamar tsirkiya.

Mai kaji ya leƙo ta kafaɗata. “Baba, ƴarka ce?”

“Ƴata ce.”

“Kai! Wa ya koya mata wannan?”

Na ce, “Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Riƙe kwalinka.”

Shekara da shekaru ina cikin Ɓauna, ban taɓa ganin bayanta tana aiki ba sai ran nan. Ashe haka waɗanda na ja suke ganin ta.

Muna isa kwanar da garejin yake, jiniya ta ɗauka. Ga gareji a hannun dama, ga ƙofar masana'anta can gaba, maigadi ya riga ya kama ƙarfen yana turawa. In ta tsaya kwance igiya, an gama. Na ga idonta a madubi tana neman nawa. Na fitar da hannu na kaɗa gaba: tafi!

Ta danna hon. Hon ɗin Ɓauna kuwa na kiran mutane daga ƙetaren kogi ne. Maigadi ya yi tsalle gefe, ta kutsa kai ciki, ta tsaya cak don akwai masu tafiya a ƙasa a gabanta. Na taka birki da ƙafa biyu. Jiniya ta yi shiru. Ɓauna na ciki, mu muna waje, igiya ta ratsa tsakiyar ƙofa a miƙe.

Maigadi ya dubi igiya, ya dubi ƙofa, ya dubi Auta. “Kwamanda, wannan kuma fa?”

Ta diro da makulli a hannu. “Tare muke!” Ta tattare zane ta ruga ciki.

Na fito da ƙyar ina miƙe baya. Ma'aikata sun taru suna dariya, wani na cewa yau Kwamanda ta dawo da fursunan yaƙi. Can sai ga wani mutum mai tabarau ya sauko daga bene, kowa ya nutsu. Ba sai an faɗa mini Manaja ne ba. Ya zagaya Ɓauna, ya bi igiya da ido har zuwa kwalayen da ke kuka, sannan ya gaishe ni da ladabi.

“Baba, kai ne mai motar?”

Na ce, “Ni ne mai ƴar.”

Ya gyara tabarau. “Na gaya mata in aka rufe ƙofa tana waje, ta ajiye makulli.” Ya juya ga maigadi. “An rufe?”

Maigadi ya ce, “Ranka ya daɗe, ita dai tana ciki. Jelarta ce a waje. Ni kuwa tun da nake aikin nan ban taɓa rufe ƙofa a kan igiya ba.”

Aka kwashe da dariya. Manaja bai yi ba, amma na ga gefen bakinsa na motsi. Ana cikin haka ƙasa ta ɗan girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu, wani ƙugi ya taso daga cikin ginin. Injuna sun tashi. Ya karkata kai ya saurara, ya dubi agogonsa.

Ya ce, “Ni abin da na nema ke nan. Inji ya tashi a kan kari, makulli na wurin mai shi.” Ya nuna ƴar motar da haɓa. “Amma Baba, ka gaya mata nan sabulu muke yi. Gobe in ta kamo wani, ta sauke shi a kwana.”

Na ce, “Za ta ji. Amma ba za ta bar kamowa ba.”

Ya ce, “Na ga alama.”

Na kwance igiyar na naɗe ta yadda ake naɗe ta, gwiwar hannu zuwa tafi. Ma'aikata suka taya mu tura ƴar motar zuwa gareji, aka sauke kwalaye a inuwa. Mai kaji ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, bai sami ko ɗaya a kwance ba. Ya yi ta godiya, ya ɗauko kwali zai ba ni. Na ce ya mayar, a dokarmu ba a karɓar ladan igiya.

A motar haya na koma gida. Ina shiga uwarsu ta toshe hanci. “Malam, aiki ka raka ta ko akurki ka kwana?”

Na ce, “Kawo ruwa in sha, ƴarki ta fi ni.”

Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni, don ba ta taɓa jin irin wannan daga bakina ba.

Yanzu an tabbatar wa Auta da shugabancin ɗakin haɗi. Akwatin sifana ya koma can baya, igiya ta dawo kujerar gaba. Mai garejin da ke kwanar nan har kujera yake ajiye mini in na je. Akawu bai sake maganar sayarwa ba, sai dai yakan yi gunaguni a kan mai, ni kuwa in yi kamar ban ji ba.

Kullum da safe ina zaune a ƙofar gida nake jin lokacin da ta bar layinmu ta hau kwalta, don nan tayoyin ke fara kukansu. Kwanan baya maƙwabcina ya zo yana ƙorafi, wai ƙarar na hana shi barcin safe. Na ce ya yi haƙuri. Ranar da tasa ta mutu a kan hanya, babu sautin da zai so ji kamar wannan.